'Yan Matan Illighadad: Yadda Kiɗan Turmi Ya Kai Su Turai Da Amurka

Yau za mu ɗan ajiye maganar girki da reno, mu tsallaka iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar, don in ba ku labarin wata mawaƙiya da ake kira Fatou Seidi Ghali, watau Fatu a bakinmu. Ita da 'yan'uwanta mata suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Les Filles de Illighadad, wanda da Faransanci yake nufin 'Yan Matan Illighadad. Tsakanin 2016 da 2021 sun fitar da faifai uku, sun yi wasa a biranen Turai da Amurka, alhali kuwa ƙauyensu ko wutar lantarki babu sa'ad da aka fara ɗaukar muryarsu. Abin da ya sa na ga labarin ya dace da wannan fili shi ne kayan kiɗan da suka tafi da su. In an ɗebe jita, sauran duk akwai su a tsakar gidan kowace ɗayanmu: turmi ne, da ƙwarya, da ruwa.

Illighadad ɗan ƙauye ne na makiyaya a ƙasar Abalak, cikin jihar Tawa. Mutanensa Abzinawa ne, waɗanda mu a nan muka fi sani da sunan Buzaye. Ba baƙinmu ba ne. Duk wadda mijinta ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ta sha jin labarin raƙumansu, kuma da wuya a sami babban gari a Kano ko Jigawa da ba a taɓa ganin Buzu da rawaninsa da butar shayinsa yana gadi a ƙofar gidan wani attajiri ba. To, amma iyakar saninmu da su ke nan, mazansu muke gani. Matansu kuwa, da irin zaman da suke yi can cikin daji, ba kowa ya sani ba. A al'adarsu namiji ne ke rufe fuska, mace ba ta rufewa. Bukkar da ake zaune ciki ta matar ce, ita ta zo da ita, in aure ya mutu kuma da abarta za ta tafi. Haka nan kiɗa, tun asali a hannun mata yake.

Manyan kayan kiɗansu na gargajiya guda biyu ne. Na farko ana ce masa imzad, wani irin goge ne mai tsirkiya ɗaya, na ƙoƙo da fata da izgar doki. Ku dubi bambanci. Mu a ƙasar Hausa goge na maza ne, har akan ɗauke shi kiɗan 'yan duniya, su kuwa a wurinsu mace mai daraja ce ke goga shi, maza su nutsu su saurara. A 2013 hukumar UNESCO ta sa imzad na Aljeriya da Mali da Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Na biyu shi ne tende, kuma shi ne abin maganarmu. Kalmar kanta turmi take nufi. In za a yi tende, sai a ɗauko turmin nan dai da aka gama dakan gero a ciki, a jiƙa fatar akuya a rufe bakinsa, a ɗaure ta da igiya a jikin taɓare biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Mata su zauna a kan taɓaren don nauyinsu ya ja fatar ta ɗame, mai kiɗa ta riƙa bugu da tafin hannu, ana yi ana yayyafa wa fatar ruwa kada muryarta ta bushe. A gefe kuma a kife ƙwarya cikin ruwa ana bugawa, tana ba da wani amo mai zurfi kamar daga cikin rijiya yake fitowa. Zabiya ta ba da waƙa, sauran mata su kewaye ta suna tafi, suna amshi, suna guɗa. In biki ne, samari su hau raƙuma da ado su riƙa kewaya matan, raƙuman na taku daidai da kiɗan. Gari na wayewa a kwance fata, turmi ya koma bakin aikinsa.

Na san wata za ta ce ai wannan namu ne. Gaskiyarta. Kiɗan ƙwarya da kiɗan ruwa da matan Hausawa ke yi a cikin gida ranar suna ko biki ɗan'uwan tende ne na kusa. Da shi Uwaliya Mai Amada ta yi suna a Kano, da shi kuma Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a watan Maris na 2013, ta yi shekaru tana yi wa mata magana a kan sana'a da kishi da haihuwa, da harshen da ba wani malami ko ɗan jarida da ya isa ya yi musu da shi.

To, ta ina jita ta shigo wa Abzinawa? Ta hanyar wahala ta shigo. Farin 1973 zuwa 1974, wanda tsofaffinmu a nan ma ba su manta da shi ba, ya karkashe musu dabbobi, na 1984 kuma ya zo ya kwashe abin da ya rage. Makiyayin da ba shi da dabba ba shi da abin zama a daji. Samari suka yi ta kwarara Aljeriya da Libiya neman aikin ƙarfi, waɗansu suka shiga sansanonin soja na Gaddafi. Aka laƙaba musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aikin yi. Can cikin kewar gida suka sami jita, suka fara rera waƙoƙin begen hamada da na halin da jama'arsu ke ciki, ana ɗauka a kaset ana miƙawa hannu da hannu. Ƙungiyar Tinariwen ta mutanen arewacin Mali ita ce uwa a wannan fage, har ta ci lambar Grammy ta Amurka a 2012 da faifanta mai suna Tassili. A Nijar kuma aka sami Bombino na Agadas, da Mdou Moctar, wanda shi ma ɗan jihar Tawa ne. Wannan Mdou a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, kuma duk wadda ta saurare shi za ta ji ƙamshin waƙoƙin finafinan Hausa a ciki, har da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Saboda jitar lantarki da gangunan zamani da suke haɗawa, Turawa suka sa kiɗan nasu a sahun wanda suke kira rok.

Abin lura shi ne, bugun da waɗannan samari suka ɗora jitarsu a kai na tende ne. Shi suka ji tun suna goye a bayan iyayensu mata, shi ne a kunnensu. Watau sun ari kiɗan mata, suka sa masa tsirkiyar ƙarfe da lantarki, suka fita da shi duniya suka yi suna. Matan kuwa, in an gan su a kan dandamali, yawanci a baya suke tsaye suna tafi da amshi. Aka yi fiye da shekara 30 a haka, har yara suka tashi suna zaton jita kayan maza ce, kamar takobi da rawani.

Fatu tana da kamar shekara 10 ta fara taɓa jitar wanta. Ba wanda ya koya mata. In ya ajiye ya fita, sai ta faki ido ta ɗauka ta koma gefe, tana laluben muryoyin da ta ji maza na fitarwa, har yatsunta suka saba. Ni da nake koyarwa na san abin da ake nufi da a ce yaro ya koyi abu ba malami ba allo. Tsirkiyar jita waya ce, sai ta ci yatsa kafin ya yi kanta. Yarinyar ƙauyen makiyaya, wadda kiwo da ɗiban ruwa da daka ke jiranta kullum, a ce ta sami sauran ƙarfin da za ta zauna ta yi ta maimaita abu ɗaya a ɓoye, ba don an sa ta ba, ba kuma don za a yaba mata ba, wannan ba ƙaramin naci ba ne. Sau nawa muke samun irinta a aji mu ce da ita mai taurin kai?

Yadda labarinta ya fita kuwa, akwai wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin birnin Fotlan, wanda ya yi ta yawo a Muritaniya da Mali da Nijar yana ɗaukar kiɗe-kiɗe, har ya kafa ɗan kamfanin faifai da ake kira Sahel Sounds. Shi ne ya tattara waƙoƙin da mutanen hamada ke tura wa juna ta wayar hannu ya fitar da su a faifai a 2011, kuma ta nan ƙasashen waje suka fara jin Mdou Moctar. Mu ma ya leƙo mu, domin a 2013 ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Kano, har da muryar Fati Nijar a ciki. Wannan mutum ne ya ci karo da hoton wata yarinya rungume da jita a intanet. Da ya tambayi Ahmoudou Madassane, mai riƙe wa Mdou jita ta biyu, sai ya tarar ashe 'yar'uwarsa ce. Abin nema ya samu, aka ɗauki hanya sai Illighadad.

Faifan farko ya fito a 2016. Sunan mutum biyu ne a jikinsa, Fatu da 'yar'uwarta Alamnou Akrouni, wadda zabiya ce ta tende. Ba a ɗakin ɗaukar murya aka yi shi ba, a fili aka yi, a ƙauyen. Fuska biyu gare shi irin faifan garmaho na da, kuma fuskokin ba su yi kama da juna ba. A ta farko Fatu ce da jitar katako marar lantarki, tana kaɗawa a hankali tana waƙa ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun kada ta ta da mai barci. A ta biyu babu jita ko kaɗan. Tende ne zalla, doguwar waƙa da ta cinye fuskar duka, matan gari sun taru suna tafi da guɗa. Jita ce ta kai baƙon garin, amma rabin abin da ya komo da shi kiɗan turmi ne.

Faifan bai daɗe da fita ba aka fara aiko musu da gayyata daga Turai. Nan fa ake yin ta, domin ba za a kwashi matan gari duka da raƙuma a zuba cikin jirgin sama ba, kuma jitar katako ba za ta cika babban ɗakin taro ba. Dabarar da suka yi ita ta mai da su abin da suka zama. Sai suka haɗa fuskokin nan biyu wuri ɗaya. Fatu ta ɗauki jitar lantarki, aka ajiye tende da ƙwaryar ruwa a inda sauran ƙungiyoyi ke ajiye gangunan Turawa, aka ɗauko tsofaffin waƙoƙin mata aka ɗora su a kan jita. Su huɗu suka tafi, Fatu da Alamnou da Mariama Salah Aswan, sai Ahmoudou yana riƙe musu jita ta biyu, ga shi kuma ɗan'uwa a tafiya.

Cikin wannan tafiya ne, bayan 'yan wasanni kaɗan, suka shiga ɗakin ɗaukar murya suka yi faifai na biyu, Eghass Malan, wanda ya fito a watan Oktoba na 2017. In ni za a tambaya, shi ne gaba a cikin ukun. Mazan da ke wannan kiɗa sukan so su nuna gwaninta. Mdou in ya kama jita sai ka ce gobara ta tashi a kara, yatsu na gudu har ido ba ya iya binsu, kuma lalle abin na burgewa. Fatu ba ta bi ta nan ba. Ɗan gajeren amo ɗaya za ta kama ta yi ta juya shi, ta tafi ta komo, ta tafi ta komo, ƙwarya na dukan ƙasa-ƙasa, murya ɗaya ta bayar sauran su karɓa. Da fari za ki ce ai abu ɗaya suke ta yi. Ki ƙara minti biyu, sai ki tarar ƙafarki na motsi ba ki sani ba, kamar yadda lugude ke yi wa mai wucewa ta bayan katanga. Waƙoƙin kuwa na soyayya ne, da kewar gida, da wuyar zaman daji da daɗinsa, da yabon zumunci, duk cikin harshensu na Tamashek.

Wadda ta kalli hotunan wasanninsu za ta lura ba su sake shiga ba. Lulluɓinsu na gida mai yalwa shi suke yi, har ka. Ba tsalle, ba karairaya. Sau da yawa masu tende da ƙwarya a zaune suke kamar yadda za su zauna a gida, Fatu kuma rungume da jita, fuska ba yabo ba fallasa, ta dubi yatsunta ta dubi 'yan'uwanta. Turawa kuwa ga su nan maƙil, sun biya kuɗi, ba sa jin ko kalma ɗaya, amma suna ta rangaji. Abin yakan ba ni dariya, yakan kuma ɗan ba ni haushi. Irin abin da muke ji kyauta a maƙwabta mu ce hayaniyar mata ce, shi wani ke yankar tikiti ya bi layi cikin sanyi saboda shi.

A 2019 suka haye Amurka. A watan Satumba suka yi wasa a Washinton, a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar, inda ake adana littattafai da muryoyin al'ummomin duniya, aka ɗauki wasan aka ajiye. A watan da ya biyo suka yi dare biyu a wani ɗakin taro da ake kira Pioneer Works a unguwar Buruklin ta birnin Niyok. Wasan nan shi aka ɗauka ya zama faifai na uku, At Pioneer Works. Sai dai kafin ya fito annobar korona ta 2020 ta rufe ɗakunan taro da filayen jiragen sama, mawaƙan duniya duk suka zauna gida. Da ya fito a watan Mayu na 2021, mutane sun yi fiye da shekara rabonsu da taron kiɗa, saboda haka tafi da shewar 'yan kallo da ke cikinsa suka zame musu kamar ruwan randa da azahar. Waƙa 6 ce kawai a ciki, waɗansu ma tsofaffi ne daga faifan baya, amma an sake musu linzami sun yi tsawo, kuma a nan ne za ki ji yadda hannun Fatu ya ƙara nuna.

Waɗanda suka je Amurka ba su ne daidai waɗanda suka fara zuwa Turai ba. Abdoulaye Madassane ya maye gurbin Ahmoudou, wanda ke tare da Mdou a lokacin. Mariama ta bar ƙungiyar ta koma ga zaman iyali, aka ɗauko Amaria Hamadalher daga Agadas, wadda ita ma mai kaɗa jita ce. Jaridun Turai suna son su riƙa yi wa Fatu kirari da mace ta farko da ta yi sana'ar jita a cikin Abzinawa. Ban ƙi ba, ta cancanta. Amma kirarin yana sa mai ji ya zaci kafin ita matan can ba su san kiɗa ba, alhali kuwa kayansu ne ya tafi yawon duniya a hannun maza, ita ta bi sawu ta karɓo.

Batun Mariama kuwa, ban ga laifinta ba, ban kuma ga na waɗanda suka ci gaba da tafiya ba. Namiji mawaƙi yakan yi wata uku a hanya, ya komo ya tarar da tuwo da ɗumi da yara sun yi wanka, ba mai tambayarsa wa ya bar wa gida. Mace kuwa ko kwana uku za ta yi sai ta amsa wannan tambaya, in ba ga miji ba to ga uwar miji, in ba ga ita ba to ga bakin gari. Barmani ta yi aure tun da ƙuruciya, ta haifi 'ya'ya da yawa, ba ta kuma ajiye ƙwarya ba har ƙarshen ranta, amma ita bikinta a Funtuwa ne da Kano da Kaduna, inda mota za ta kai ta ta komo da ita. Daga Illighadad kuwa, kafin a ga ko ƙofar jirgin sama sai an yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai, a yi zaman jiran biza. Hanyar ma ba kullum take buɗe ba. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli, 2023, aka rufe iyakoki da sararin sama, har iyakarmu ta Maigatari, Mdou da Ahmoudou da mai gangarsu suna Amurka suna wasa. Can suka maƙale, sai da masu sonsu suka yi musu karo-karo na kuɗin zama. Ku auna da a ce mace ce mai goyo a gida.

Na san akwai uwargidan da ke karanta wannan tana taɓe baki, tana cewa, Malama, so kike 'ya'yanmu su zama zabiyoyi? A'a, Hajiya, ba haka nake nufi ba, kuma tsoronki ba na banza ba ne. Duk mun san abin da ke tattare da yawon dare da taron maza da kuɗin liƙi, mun kuma san yadda Bahaushe ke kallon roƙo tun kaka da kakanni. Amma ai waƙar mata ta cikin gida ba roƙo ba ce, ba ta taɓa zama roƙo ba. Matar malami ta yi ta, matar sarki ta yi ta. Garin gudun waccan muka haɗa da wannan muka zubar.

Ku duba nan Taura da ƙauyukan da ke kewaye da mu. Injin niƙa ya shigo, Allah ya sa masa albarka, ba wadda ke kewar durƙuso gaban dutse da asuba. Amma da dutsen ya tafi, waƙar niƙa ta bi shi, alhali a cikinta ne mace ke faɗin abin da ba ta iya faɗa wa miji ko kishiya ido da ido, ta yi habaicinta ta huce, wanda aka yi dominsa ya ji ya gyara ba tare da an yi faɗa ba. Lugude, inda 'yan mata uku ke kewaye turmi ɗaya ana cilla taɓarya sama a tafa a cafe, yanzu sai jifa-jifa. Shantu kuwa, yarinya nawa ce a cikinku ta taɓa ganinsa, balle ta buga shi a cinya? Biki ya zo sai a ɗauko mai na'ura da manyan lasifika ya kunna waƙar da aka yi a Kano, matan da kakanninsu ke ƙirƙirar baiti nan take su jeru a kujerun roba suna kallo. Kwanan baya na ce wa 'yan matan ajina su yi mini waƙar gaɗa ɗaya tun daga farko har ƙarshe, aka yi ta kallon-kallo. Guda ɗaya ce ta iya, ita ma a ɗakin kakarta take kwana. Da matan Illighadad sun yi wa tende yadda muka yi wa shantu, da Fatu ta iya jitarta ta rasa abin ɗorawa a kai, sai dai ta kwaikwayi maza, kuma masu kwaikwayon Tinariwen ba su ƙirguwa daga Agadas har Tamanrasset.

Ku kuma 'yan makaranta, kada wata ta je gida ta ce Malama ta ce a ajiye littafi a nemi jita. Ku dubi ɗaya gefen labarin. Takardar biza da Faransanci ko Turanci ake cika ta. Yarjejeniyar kamfanin faifai da ta masu ɗakin taro haka. Hirar da 'yan jaridun waje suka yi da Fatu yawanci ta bakin tafinta aka yi, watau abin da duniya ta ji daga gare ta sai da ya bi ta bakin wani. Kamfanin Sahel Sounds ya ce raba riba yake yi biyu tsakaninsa da mawaƙansa, kuma wannan abin yabo ne, amma ba kowane mai kamfani ne haka ba. Mawaƙanmu nawa aka yi ta gurza kaset ɗinsu ana sayarwa a kasuwanni da tashoshin mota, ko kwabo bai kai hannunsu ba, waɗansu har suka tsufa cikin rashi? Mai baiwar da ba ta iya karanta takardar da za ta dangwala wa hannu, rayuwarta duka a kan amanar wani take. Lissafin nan da kuke gudu ranar Litinin da safe, da shi ake sanin rabin riba nawa ne.

Wadda ke son ta ji da kunnenta, in akwai waya mai intanet a gidan, a rubuta sunan ƙungiyar kamar yadda na rubuta shi a sama, faifan uku duk suna nan, har da hotunan wasansu na Washinton. Shawarata kada a fara da na Amurka. A fara da dogon tenden nan na faifan 2016, a saurare shi har ƙarshe ko da ya yi tsawo, sa'an nan a zo kan Eghass Malan, ta haka za a ji inda turmi ya tsaya da inda jita ta karɓa. In akwai tsohuwa a gidan a kira ta ta saurara tare da ku, a kuma ajiye ƙwarya da 'yan sanduna biyu kusa da ita.